Hayaƙi da Kiɗa a Birnin Memfis: Wa Ya Yi Aikin, Wa Ya Ci Riba?



Sharhinmu na yau na waɗanda aiki ke ɗauka ya kai su wata ƙasa ne: ɗan kasuwar da ya je ƙulla ciniki, likitan da aka gayyata taro, ma'aikacin da ofis ya tura kwas. Da yawa daga cikinmu idan muka dawo aka ce mana yaya garin, ba mu da abin faɗa sai tsadar masauki da sanyin ɗakin taro. Daga filin jirgi sai otal, daga otal sai zauren taro, a biya kanti a yi tsaraba, sai gida. Mutum ya yi kwana da kwanaki a gari bai san ko su wane ne suka gina shi ba. A ganina wannan asara ce, kuma birnin da zan kafa hujja da shi shi ne Memfis, a jihar Tenesi ta ƙasar Amurka, wanda duniya ta sani da abu biyu: gashin nama da kiɗa.

Memfis gari ne na aiki. Yana bakin kogin Misisipi, an kafa shi a 1819, aka raɗa masa sunan tsohon birnin Fir'aunonin Masar da ke bakin kogin Nilu. A nan ne kamfanin aika kaya na FedEx ya fara tashin jiragensa a 1973, kuma har gobe idan dare ya raba jiragen kaya ne ke sauka suna tashi ana rarraba saƙonnin duniya. A nan ne asibitin yara na St. Jude yake, wanda Danny Thomas, ɗan wasan da iyayensa suka fito daga Labanon, ya buɗe a 1962, inda likitoci daga ƙasashe da dama ke zuwa ƙaro sani kan cutar daji da sikila. Ni ma aiki ne ya kai ni, kuma duk sa'ad da aka tashi daga zama nakan taka da ƙafata in ga gari.

Amma kafin jiragen sama da asibiti, auduga ce ta yi Memfis. A titin Front da ke kallon kogi aka jera ofisoshin dillalan auduga, kuma tsohon ginin kasuwar hada-hadarta yanzu gidan tarihi ne. Kudu da birnin akwai shimfiɗaɗɗiyar fadama mai baƙar ƙasa a jihar Misisipi, inda bayi 'yan asalin Afirka suka yi ta noman auduga. Da aka soke bauta a 1865, 'ya'yansu da jikokinsu suka ci gaba da noman gonakin a bisa tsarin kashi-mu-raba, wanda sau da yawa manomi ke ƙare shekara da bashi a wuyansa. Wanda ya gaji da wannan rayuwa sai ya ɗaura ɗan ƙunshinsa ya nufi birni mafi kusa, wato Memfis. Abu biyu suka shigo da shi wanda ba ya buƙatar jari: iya sarrafa wuta da nama, da kuma waƙa. Yau fiye da rabin mutanen birnin baƙar fata ne. Duk wanda ya riƙe wannan zaren zai ga cewa hayaƙin da kiɗan daga gida ɗaya suka fito.

Mu fara da hayaƙin.

Gashin da suke kira babikiyu aiki ne na haƙuri. Ba a ɗora naman a kan harshen wuta. Ana haɗa garwashi a gefe, a jefa itace mai ƙamshi irin hikori, a rufe murhun, a bar zafi kaɗan da hayaƙi su yi ta ratsa naman. Karfata guda takan kwana a wuta, awa goma ko fiye, har jijiya da kitse su narke, naman ya riƙa zarewa da yatsa ba sai an sa wuƙa ba. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, to masu wannan sana'a kusan hakan suke yi da sassan naman da suka fi tauri da araha. A zamanin bauta, idan mai gona zai yi biki ko 'yan siyasa za su tara jama'a, rami ake haƙawa mai tsawo, a cika shi da garwashi, a gicciya itatuwa a shimfiɗa dabba sukutum. Dabarar gashi a kan ragar itace daga 'yan asalin nahiyar Amurka aka samo ta, dabbobin Turawa suka kawo su, amma waɗanda suka riƙa sarar itacen, suna kwana a bakin ramin suna juya naman hayaƙi na cika musu ido, bayi ne. Bayan 'yanci wannan gwaninta ta zama abin dogaro ga mutane da yawa. Henry Perry, wanda ake ɗauka uban gashin birnin Kansas, a kusa da Memfis aka haife shi, kuma a ɗakunan girkin jiragen ruwan Misisipi ya yi aiki kafin ya kafa tasa sana'ar a farkon ƙarni na 20.

A Memfis mutane sun kasu biyu a kan haƙarƙari. Wasu sun fi son a shafe shi da miyar tumatir mai zaƙi da ɗan tsami yana kan wuta, wasu kuma sun fi son busasshe, a barbaɗa masa garin kayan yaji kamar yadda mai tsire ke yi wa namansa da yajin ƙuli. Gidan da ya fi shahara da busasshen shi ne Rendezvous, wanda Charlie Vergos, ɗan asalin Girka, ya buɗe a 1948 a ƙarƙashin ƙasa cikin wani lungu na tsakiyar gari. Shi a kan gawayi ya riƙa gasa nasa, kuma ya haɗa kayan ƙamshin girkin Girkawa da jan barkono mai laushi na kudancin Amurka. Akwai kuma Cozy Corner, wanda Raymond Robinson da maiɗakinsa Desiree suka buɗe a 1977, aka san su da wata 'yar ƙaramar kaza da suke gasawa a hayaƙi. Bayan rasuwar mijin, ita ta riƙe gidan da 'ya'ya da jikoki, kuma a 2020 ta zama mace baƙar fata ta farko da aka sa sunanta a jerin gwanayen wannan sana'a na Amurka. Tun 1978 birnin ke shirya gasar gashi ta duniya a watan Mayu, inda ɗaruruwan ƙungiyoyi ke kafa rumfuna suna kwana a bakin wuta.

A nan dole in yi wa ɗan'uwa Musulmi magana ƙarara, domin amana ce. Mafi yawan gashin Memfis naman alade ne. Haƙarƙarin da ake yayatawa na alade ne, karfatar da ake zarewa a cusa cikin burodi da yankakken kabeji ita ma haka. Kuma abin bai tsaya a faranti ɗaya ba: waken da suke dafawa da zaƙi galibi da gutsattsarin naman a ciki, ganyen da suke dafawa ma sau da yawa da shi ake ɗanɗana shi, haka taliyar da garin ya yi suna da ita. Akwai kaza, da talo-talo, da ƙirjin saniya a gidaje da yawa, amma sai ka tambaya ko a raga ɗaya aka gasa su, kuma ka san yadda aka yi yankan. Matambayi ba ya ɓata, kuma mutanen garin ba sa jin haushin tambaya. Akwai masallatai da al'ummar Musulmi a birnin, su ne za su nuna maka inda ake gashin halal. Yahudawan garin ma, da yake ba sa cin alade, sun daɗe suna shirya tasu gasar da naman shanu. Saboda haka ba sai ka saɓa wa addininka ba kafin ka san wannan sana'a. Ko ba ka ci komai ba, ka tsaya ka ga mai gashin da ya zo tun kafin asuba yana duba wutarsa, ka gaishe shi, ka tambaye shi wa ya koya masa. Amsar da za ka ji ita ce uba, ko kawu, ko wani tsoho da ya yi wa yaron gida.

Sai kiɗa.

Titin Beale shi ne zuciyar baƙar fatan wannan yanki a zamanin da doka ta raba su da Turawa a makaranta da asibiti da wurin cin abinci. A nan suke da shagunansu, da likitocinsu, da jaridarsu, da majami'unsu, da gidajen rawa. Bayan annobar zazzaɓin shawara ta 1878, wadda ta kashe mutum fiye da 5,000 ta kuma watsa garin, wani attajiri baƙar fata mai suna Robert Church ya sayi filaye da gidaje a wannan layi, ya kuma gina wa mutanensa wurin shaƙatawa da zauren taro a 1899, tunda an hana su shiga na gwamnati. A wannan titi ne W. C. Handy ya zauna da ƙungiyar makaɗansa. Shi ne ya ɗauki salon waƙar manoman auduga da ake kira blues ya rubuta shi a takarda, aka buga waƙarsa mai suna Memphis Blues a 1912. Ya sayar da haƙƙin mallakarta a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, waƙar ta karaɗe ƙasa, wasu suka kwashi riba. Handy ya ɗauki darasi, ya kafa kamfanin buga waƙoƙi nasa na kansa. Ku riƙe wannan labari, domin zai sake maimaituwa.

Mu da muke aikin rediyo muna da namu abin alfahari a Memfis. Akwai wata ƙaramar tasha mai suna WDIA da wasu Turawa biyu suka buɗe a 1947, ta kusa durƙushewa don rashin masu saurare. A 1948 suka yi abin da ake gani ganganci ne a kudancin Amurka na lokacin: suka ba wani malamin makaranta baƙar fata, Nat D. Williams, makirufo. Kafin shekara ta zagayo tashar ta zama ta farko a Amurka da dukkan shirye-shiryenta na baƙar fata ne. Ta riƙa cigiyar 'yan'uwan da suka ɓace, tana sanarwar aiki, tana tara kuɗi don kai yara naƙasassu makaranta. Wani saurayi direban tarakta daga gonakin Misisipi, Riley King, ya zo da jitarsa aka ba shi ɗan gajeren lokaci yana tallar wani maganin ƙarin kuzari. A tashar ya sami laƙabin da aka taƙaita ya zama B. B. King. Rediyo ce ta ɗauke shi daga kunyar auduga ta kai muryarsa gidajen dubban mutane, kuma tashar tana nan tana watsa shirye-shirye har yau.

Tafiya kaɗan daga Beale, a lamba 706 titin Union, akwai wani ɗan ɗaki da Sam Phillips ya buɗe a 1950 don ɗaukar faifai, wanda aka sani da Sun. Ɗakin bai fi zauren wani gida ba, amma a cikinsa B. B. King da Howlin' Wolf suka yi faifai, a cikinsa aka ɗauki Rocket 88 a 1951, waƙar da masana da yawa ke lissafawa cikin mafarin kiɗan rock and roll. A watan Yulin 1954 wani yaro Bature ɗan talakawa, direban mota, mai suna Elvis Presley, ya rera That's All Right a ɗakin. Elvis ya taso yana sauraren majami'un baƙar fata da makaɗan Beale, kuma bai taɓa ɓoye inda ya sha ruwa ba. A 1955 kamfanin RCA ya sayi kwantiraginsa a kan dala 35,000, a 1957 ya sayi katafaren gidan nan na Graceland, wanda dubban ɗaruruwan baƙi ke ziyarta duk shekara tun da aka buɗe shi ga jama'a a 1982. Waƙar da ta buɗe masa ƙofa kuwa ta Arthur Crudup ce, baƙar fata daga Misisipi, wanda ya shafe shekaru yana aikin gona, ya rasu a 1974 yana bin kuɗin waƙoƙinsa ba a biya shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya je Graceland bai ji sunan Crudup ba, rabin labari ya ji.

Inda ya fi taɓa zuciyata shi ne Stax, a wata unguwar talakawa a kudancin birnin. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton suka karɓi wani tsohon gidan silima a titin McLemore a 1960 suka mai da shi ɗakin ɗaukar faifai. Ba su da kuɗin daidaita daɓen da ya gangara, sai gangaren ya ba wa kiɗansu wani amo da babu irinsa. A gaba suka buɗe shagon sayar da faifai, yaran unguwa suka riƙa shigowa, wasunsu suka zama mawaƙan gidan. Makaɗan da ke raka kowa su ne Booker T. and the M.G.'s, baƙaƙe biyu da Turawa biyu suna aiki a ɗaki ɗaya, a garin da ba su da ikon zama a teburi ɗaya su ci abinci. Daga nan aka ji Otis Redding, da Sam and Dave, da Rufus Thomas da 'yarsa Carla, da Isaac Hayes wanda ya ci kyautar Oscar a 1972.

Wurin da suke iya haɗuwa a waje shi ne otal ɗin Lorraine, mallakar baƙar fata, inda suke hutawa suna tsara waƙoƙi. A watan Fabrairun 1968 motar kwashe shara ta matse ma'aikata biyu, Echol Cole da Robert Walker, har lahira. Abokan aikinsu kusan 1,300 suka shiga yajin aiki suna neman albashi mai kyau da a ɗauke su mutane. Martin Luther King ya zo mara musu baya, ya sauka a Lorraine, kuma a barandar otal ɗin aka harbe shi ranar 4 ga Afrilun 1968. Watanni huɗu kafin nan Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama yana da shekara 26. A cikin wannan juyayi ne kuma Stax suka gano cewa yarjejeniyar da suka sa wa hannu da kamfanin Atlantic, mai rarraba musu faifai, ta mallaka masa kusan dukkan waƙoƙin da suka yi a baya. Sun sake tashi, sun yi ƙarfi na wasu shekaru, amma a 1975 kamfanin ya karye. A 1989 aka rushe ginin, aka bar fili da ciyawa.

Titin Beale ma bai tsira ba. Da sunan sabunta birni aka rusa gidaje da shagunan da ke kewaye da shi, har ya koma kufai. Sai daga baya hukuma ta farga cewa abin da ta wulaƙanta shi ne duniya ke biyan kuɗin jirgi ta zo gani. A 1983 aka sake buɗe titin, a 1991 aka mai da Lorraine gidan tarihin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, a 2003 aka sake gina Stax a inda yake a da, a matsayin gidan tarihi, da makarantar koyar da kiɗa ga yaran unguwar a gefensa. An kyauta, kuma ya kamata a yaba. Sai dai ginin da aka sake ɗagawa ba shi ne na asali ba, kuma tsofaffin da suka san labarin da yawa sun riga mu gidan gaskiya kafin a zo neman su.

Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma yana da wani dalili na daban na shiga waɗannan wurare. Kakannin mutanen da suka yi wannan kiɗa daga yankinmu aka kwashe da yawansu. Masu bincike sun nuna cewa banjo, abin kiɗan da bayi suka ƙera a nahiyar Amurka da ƙwarya da fata da tsirkiya, ya samo asali ne daga dangin kayan kiɗan Afirka ta Yamma, irin akontin na Senegal da Gambiya da ngoni na Mali, dangin da gurminmu da molo da garaya suke ciki. Tsarin mai bayarwa da 'yan amshi da za ka ji a majami'un Memfis da faya-fayen Stax, kunnen da ya saba da waƙar daka da ta noma ba zai ji shi baƙo ba. An raba mutanen nan da harshensu da sunayensu, amma ba a iya ƙwace musu abin da ke cikin kunne da maƙogwaro ba.

To yaya mai aiki zai yi da ƙarancin lokaci? Abin bai da wuya. Beale da Lorraine da gidan tarihin auduga duk a tsakiyar gari suke, ƙafa ma tana kai mutum. Sun da Stax tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Yammaci guda bayan an tashi taro da safiya guda kafin jirgi sun isa. Wanda ba ya son hayaniyar mashaya, ya je Beale da rana, domin da dare wurin na masu shaye-shaye ne. Idan abokan cinikinka suka gayyace ka cin abinci, ka gaya musu abin da ba ka ci tun da wuri, ka kuma roƙe su su kai ka gidan gashi na unguwa wanda iyali ke riƙe da shi. Idan ka tsaya sauraren makaɗi, ka sa masa wani abu a kwanonsa, ka sayi faifan daga hannunsa. Kuɗinka kaɗan ne, amma kai ke zaɓar aljihun da zai shiga. Kuma ko don cinikin ma, mutumin da ya ga ka damu da tarihin garinsu ya fi sakin jiki da kai.

Darasin kuma ba na Memfis kaɗai ba ne. A 2015 B. B. King ya rasu, aka bi da gawarsa ta titin Beale jama'a na bankwana, kuma tun yana raye aka gina gidan tarihi da sunansa a Indianola ta Misisipi. A wannan shekarar muka rasa Ɗan Maraya Jos, mai kuntigi. Mamman Shata ya rasu tun 1999. Su ma rediyo ce ta kai muryoyinsu lungu da saƙo. Ina tambayar hukumomin al'adu da shugabannin gidajen rediyonmu: a wane hali tsofaffin faya-fayen da ke ɗakunan ajiya suke? An juye su zuwa na'urar zamani kafin zafi da ƙura su cinye su? Waƙoƙin da ake saurare a intanet dare da rana, iyalan masu su suna samun wani abu? Matasan mawaƙanmu kuma, ku karanta takarda kafin ku sa hannu, ku nemi lauya ya duba muku, domin layi ɗaya a yarjejeniya ne ya raba Stax da aikin shekaru. Memfis ta rusa nata kafin ta gane darajarsa, ta kuma kashe maƙudan kuɗi wajen sake ginawa. Mu namu da saura a hannu, kuma adana shi yanzu ya fi araha.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Wanda ke shirin tafiya, Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya, ya kuma sa ya dawo da sanin mutanen da ya je garinsu.